Muryar Malam a Ambulan Uku

Wata Alhamis da hantsi ina ofis a Dutse ƙanwata ta kira ni daga Aujara. Ko gaisuwa ba ta bari mun ƙarasa ba ta ce, "Yaya, jikin Inna ya ƙi daɗi. Kwana uku ke nan ko kunu ba ya zama a cikinta. Kuma ta ce in tambaye ka karatun Malam, wai tana so ta ji."

Malam shi ne mahaifinmu, shekararsa shida da rasuwa a lokacin. Makarantar allo gare shi a ƙofar gida, in azumi ya kama kuma yakan yi tafsiri a zaure. Wani ɗalibinsa ya yi shekaru yana zuwa da rakoda yana ɗauka, har kaset talatin da ɗaya suka taru. Ban da su babu inda muryarsa ta rage a duniya. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa neman abu a wurina baki da baki ba, sai dai ta aiko. A kan karatun nan ta aiko sau biyu cikin shekara biyu, wannan ne na uku.

Na ce wa ƙanwata ta gaya mata gobe in sha Allahu zan zo da shi. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, domin ni ɗan kulob ne.

Kulob ɗinmu na masu sha'awar kwamfuta ne, a garejin wani dattijo a unguwar Limawa muke haɗuwa duk Asabar daga la'asar zuwa magariba. In mun cika ba ma wuce mu goma sha biyu, malaman makaranta, akawu, ma'aikatan gwamnati irina. Ba mu da allo a ƙofa, ba mu da kati, sai benci biyu da tebur da tsofaffin kwamfutoci da kowa ya gaji da su ya kawo. Mai garejin kowa Alhaji yake ce masa. Tsohon magatakardan kotu ne, ya sayi kwamfuta da tsufansa don ya rubuta tarihin zuriyarsu, da yatsa ɗaya yake bugawa, kuma ba ka isa ka ce ya ƙara na biyu ba. Akwai Injiniya, mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwa, wanda ba takarda ce ta ba shi sunan ba, mu ne. Akwai Madam, 'yar Filato, mai buga takardu a wata ma'aikata, wadda duk cikinmu babu mai saurin hannunta.

Lokacin da aka dawo da ni Dutse daga Garki, ko inda ake kunna kwamfuta ban sani ba. Shekara ɗaya da shiga kulob na zama abin da ba a iya zama da shi. In na je gida na ga mutum yana naɗe takardarsa a leda yana turawa ƙarƙashin katifa, tausayinsa nake ji, kuma ba na ɓoyewa.

Ni na kawo shawarar a juye kaset-kaset ɗin Malam cikin laftof ɗina. Injiniya ya haɗa rakoda da ita da wata waya, muka yi wata huɗu muna yi, kowace Asabar kaset biyu, don dole kowanne ya yi tafiyarsa tun daga farko har ƙarshe. Da muka gama na mayar da su Aujara a buhu, aka ajiye a tsohon ɗakin Malam. Damina ta gaba kusurwar soron ta rufta, suka kwana cikin laka. Ɗalibansa suka ce akwai ayoyi a ciki, ba a zubar da su a juji, suka haƙa rami a bayan makaranta suka binne kamar yadda ake yi wa tsofaffin takardun Alƙur'ani. Ƙanwata ta kira ni tana kuka, ni kuwa har da dariya na ce mata ba komai, duk suna cikin kwamfuta. Da Inna ta aiko, na ce a yi mata haƙuri sai na jera su na rage musu ƙara na sayo mata rediyo mai memori. Rediyon na saya. Yana nan a kwalinsa a saman durowa.

Abin da ya sa nake cika baki shi ne dokar amana. Alhaji ne ya kafa ta, da irin kansa na kotu. Duk mai abu mai muhimmanci a kwamfuta zai kwafe shi a filash uku, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, kowanne a sa a ambulan, a liƙe da salatif, mai abu ya sa hannu a kan liƙin, a ba mutum uku su ajiye. Wanda aka ba ba ya buɗewa, ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya ma ɗaga ambulan ɗin ga haske. A wurin Alhaji buɗe ajiyar wani daidai yake da faɗawa ɗakin matarsa ba sallama. Mun yi alfahari da dokar nan ƙwarai, har mukan gaya wa baƙi. Nawa ambulan ɗin suna wurin Alhaji da Injiniya da Madam.

Da na tashi aiki ranar Alhamis ɗin na ɗauko laftof don in zuba karatun a memori. Na danna, ta yi haske, sai na ji wani sauti daga cikinta, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa kwano da farce. Fuskarta ta tsaya baƙa da wani layi na Turanci. Na kashe na kunna sau uku. Na san sautin, mun sha jin sa a gareji, rumbun da ke riƙe komai ne yake mutuwa. Raina ya ɓaci don laftof ɗin, amma gabana bai faɗi ba. Na ci tuwona sarai.

Da safe ranar Juma'a na nemi izini a ofis na nufi Limawa. Alhaji ya fito da akwatinsa na ƙarfe inda takardun gonakinsa suke, ya ciro ambulan, ya miƙo mini ya ce, "Ɗan Malam, duba hannunka. Ka ga an taɓa?"

Na ce, "Haba Alhaji, ai ko ban duba ba."

"A'a, duba dai."

Na duba, na yage, muka sa filash ɗin a kwamfutarsa. Ga folda ta fito, ruwan ɗorawa, da sunan da na sa mata, Karatun Malam. Na danna. Maimakon ta buɗe sai wani saƙo ya fito, wai ba a ga abin da take nunawa ba. Na sake dannawa. A nan na lura da wata 'yar kibiya a gefenta ta ƙasa, ƙarama ƙwarai. Alhaji ya gyara gilashinsa ya ce ko kwamfutarsa ce ta tsufa, bari ya kira Injiniya.

Injiniya ya zo a babur da nasa ambulan ɗin a aljihu. Kallo ɗaya ya yi wa fuskar kwamfutar ya dafe kai da hannu biyu. "Inna lillahi. Malam, daga ina ka jawo wannan ranar da ka kwafa?"

"Daga fuskar laftof ɗin mana, inda ka ajiye mini."

"Ba karatun ba ne wannan. Shotkot ne, alama ce kawai mai nuna hanya. Karatun na sa shi can ciki, na bar maka wannan a waje don ka riƙa samunsa da sauƙi. Alamar ka kwafa."

Sai ranar ta dawo mini tas. Injiniya bai zo ba ran nan, ya tafi suna. Na jawo foldar na saka a filash, kafin in ƙifta ido ta gama. Na juya na ce wa jama'a ku ga filash na gaske, ba irin naku masu rarrafe ba. Aka yi ta dariya. Na yi na biyu da na uku haka nan, na liƙe, na sa hannu har da lanƙwasa.

Muka yage na Injiniya. Kibiyar nan tana nan. Duk da haka na ce sai mun ga na Madam, don mutum in ya rikice ba ya jin lissafi. Na same ta a ofis, ta bar aikinta muka je gidanta tare da Injiniya, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado inda takardun makarantarta da na marigayi mijinta suke. Shi ma haka. Ta zauna a bakin kujera ta ce, "Wayyo Malam. Sau biyu fa na ɗauko shi ina so in gwada, don na ga filash yana lalacewa in ya daɗe. Sai na ce kar in ci amana, na mayar."

Shekara biyu mutum uku masu gaskiya suna gadin abin da babu komai a cikinsa. Da ɗayansu maras kunya ne, da tun makon farko an gane.

A tsakar gidan Madam na sauke wa Injiniya kwandon masifa. Na ce wa ya sa shi, wa ya ce ya ɓoye mini abuna ya bar mini hoto, na ce duk iyawar tasa ta baki ce. Na faɗi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in kawo laftof ɗin. Masallacin Juma'a na je ran nan, amma ban san me liman ya karanta ba. Ina fitowa ƙanwata ta kira ta ce, "Yaya, ka taso? Tun safe take sa ni leƙa ƙofa." Na ce aiki ya riƙe ni, gobe da sassafe. Ƙaryar ta fito mini sumul, abin ya ba ni tsoro.

Ranar Asabar kulob ya haɗu da safe, abin da ba mu taɓa yi ba, kuma ba wanda bai zo ba. Injiniya ya ciro rumbun, ɗan abu kamar tafin hannu, ya haɗa shi da wata kwamfutar. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya juya shi a gefe, ya kifa shi, ya canza waya, ya canza kwamfuta. Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a ɗan buga shi, na ce duk wanda ya taɓa shi sai mun raba hali. Wani malamin lissafi ya yi ta bincike a wayarsa yana karanto mana abin da ba ya kama da matsalarmu. Zafin bazara ya cika garejin, ba wuta, janareta yana ta ihu a waje, ni kuma duk minti biyar sai na duba waya ina tsoron ta yi ƙara.

Can Injiniya ya ce saura dabara ɗaya, kuma ba ya son ta. Wai in aka sanyaya rumbu sosai wani lokaci yakan tashi na ɗan lokaci, minti biyar ko goma, daga nan kuma ya tafi ke nan har abada. Na ce a yi. Alhaji ya ce, "Ɗan Malam, ka ji abin da ya ce? Har abada fa." Na ce, "Alhaji, ba ni da mako biyun kai shi Kano. Ban san ko ina da kwana biyu ba."

Firizar da ta fi sanyi a cikinmu ta Madam ce, don tana yin zoɓo da ƙanƙara na sayarwa, kuma an ba su wuta da asuba. Muka naɗe rumbun a leda uku, ta kwashe ƙullin zoɓo ta yi masa wuri a can ƙasa. Aka ɗauko kwamfuta da janareta daga Limawa aka kafa a barandarta, don kar sanyin rumbun ya fita a hanya. Awa biyu muka zauna muna jira. Alhaji da babbar rigarsa a kan kujerar roba yana jan carbi, Madam a bakin ƙofar kicin ta rufe ido bakinta yana motsi, ita ma tana roƙon nata. Ni ban iya addu'a mai tsari ba. Abu ɗaya nake ta maimaitawa a zuci, Allah ko da guda ɗaya ne.

Aka ciro shi da sauri, Injiniya ya haɗa. Shiru. Sai wani zuuu mai laushi, babu ƙas ɗin nan. Kowa ya matso kusa. Injiniya ya danna nan ya danna can, sai ga su sun jeru a fuskar kwamfutar, ɗaya har zuwa talatin da ɗaya. Wani ya yi kabbara. Idona ya kawo ruwa.

Injiniya ya ce, "Wanne? Faɗi ɗaya, maza. Manya ne, ba mu matse su ba."

Na ce, "Duka."

"Malam, ba zai kai ba. Wanne take so?"

"Na ce duka! Kwashe duka!"

Ya kalle ni, ya zaɓe su duka ya danna. Kwamfutar ta tsaya tana ƙirga su, tana auna nauyinsu, ta ci mana lokacin da ban san tsawonsa ba. Sannan koren layi ya fara tafiya a kan na farko. Ya yi kwata. Ya kusa rabi. Raɓa ta fara tsattsafowa a jikin ledar. Sai ƙas. Layin ya tsaya. Ƙas, ƙas. Saƙo ya fito, layin ya ɓace, kuma ko rabin da ya shiga bai zauna ba.

Mun mayar da shi firiza, mun sake jiran awa biyu. Wannan karon ko juyawa bai yi ba. Injiniya bai taɓa ce mini da na zaɓi ɗaya da ya fita ba, ko ran nan ko bayan nan. Wataƙila da ma ba zai fita ba. Amma ni na san abin da na yi, kuma na san haɗama ce.

Na bi shi har wurin babur ɗinsa na riƙe masa hannu na ce, "Injiniya, kaset in ya shekara a ƙasa, in aka tono aka wanke, zai yi magana?" Da gaske nake, har na fara tunanin wanda zan ara wa fatanya. Ya kau da kai ya ce, "Malam, ka je gida." Wayata ta yi ƙara a aljihu. Ƙanwata ce, muryarta ta dushe. "Yaya, don Allah koma mene ne ka bar shi ka zo."

Ranar Lahadi na shiga motar farko ta Jahun, daga can na ƙarasa Aujara. Duk hanya ina shirya ƙarya ina rushewa. In ce na manta a Dutse, in ce batir ne, in ce mako mai zuwa. Hannuna babu komai sai ledar lemo, wanda na san ba za ta iya sha ba.

Tana kwance a kan katifa a ƙasa, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta. Ta amsa ba ta dube ni ba, kamar yadda ta saba. Ƙanwata ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta gane. Ƙaryar da na shirya ta ƙi fitowa. Na gaya wa Inna komai a gajarce, cewa na'urar ta mutu, ajiyar da na yi ban yi ta daidai ba, karatun Malam ya tafi, kuma laifina ne ni kaɗai.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo, ta juyo ta dube ni sosai, ta yi mini magana kai tsaye.

"To ba komai. Ai kai ka zauna da su wata huɗu, an ce sai da kowanne ya yi tafiyarsa har ƙarshe. Ka ji su ke nan." Ta huta. "Akwai na shekarar da aka yi rashin yayata. Ina bayan zana ina kuka, ashe yana ji. Ya tsayar da karatu a gaban mutane ya yi mini magana, ni kaɗai. Malam da ko sunana ba ya kira. Ina ta so in tuna abin da ya ce, ya ɓace mini. Shi kaɗai nake nema. Me ya ce?"

Ita ba ta san yadda aka yi aikin ba. In aka soka wayar nan a rakoda, lasifikarta takan yi shiru, sautin ya wuce cikin kwamfuta kai tsaye. Ni kuwa in na danna na ga layuka suna tsalle a fuskarta, sai in koma benci a ci gaba da gardamar wace kwamfuta ta fi wace, ana cin dabino, har kaset ya ƙare ya yi tsalle in je in juya shi. Cewa nake zan saurara daga baya a natse.

Da zan iya ƙirƙiro mata magana. Na san irin kalmomin Malam, na san yadda yake jan numfashi kafin ya yi nasiha. Na buɗe baki, sai na ga yadda take kallona, tana jira kamar mai jiran ruwa.

Na ce, "Inna, ban saurara ba."

"Wannan ɗin?"

"Dukansu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Inna."

Ta ci gaba da kallona na ɗan lokaci. Sannan ta mayar da fuskarta wajen bango a hankali, ta ce wa ƙanwata, "Zuba masa abinci, ya sha hanya."

Kwana tara ta ƙara a duniya, ina gefenta duka. Ba ta sake tambaya ba.